Komawa jami'a bayan shekaru ana aiki: lissafin da ya kamaci mai son shiga bankunan raya ƙasa

A unguwannin Hausawa na Yawunde, Njamena, Kwatano, Lome, Abijan da Kumasi, ba a rasa ma'aikacin banki, ko akantan wata ƙungiyar agaji, ko jami'in ma'aikatar kuɗi da ya kusa shekara goma yana aiki, amma tunanin komawa makaranta bai bar shi ya sarara ba. Burinsa shi ne ya yi digiri na biyu a fannin kuɗi, wanda a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kira masta, domin ya samu shiga ɗaya daga cikin bankunan raya ƙasa kamar BAD, BOAD, BDEAC ko Bankin Musulunci. Tunanin ya ƙara ƙarfi a wajen ma'aikatan agaji tun bayan da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a shekarar 2025, lamarin da ya tsayar da ayyuka da dama a nahiyar tare da raba mutane da albashinsu.

Shawara ce mai nauyi. Wanda ya kai wannan mataki yawanci yana da iyali, yana biyan haya da kuɗin makarantar yara, kuma akwai iyaye da ƙanne da ke jiran abin da zai aiko a ƙarshen wata. Idan ya ajiye aiki ya tafi karatu aka kuma yi rashin sa'a, ba shi kaɗai zai ji jiki ba. Shi ya sa ya dace a fara daga ƙarshen hanya a dawo baya: wane aiki ake nema, me masu ɗaukar aikin ke dubawa, sannan wane digiri ne zai cike giɓin da ya rage.

Mene ne ainihin aikin?

Bankin kasuwanci yana karɓar ajiyar jama'a, ya ba ɗan kasuwa bashin watanni ko 'yan shekaru, ya karɓi jingina. Bankin raya ƙasa kuwa mallakar gwamnatoci ne. Su ke zuba jari, shi kuma ya yi amfani da sunansu ya ranto kuɗi da araha a kasuwannin duniya, sannan ya bayar da rance na shekara goma sha biyar, ashirin ko fiye, ga ayyukan da bankin kasuwanci ke tsoro: madatsar ruwa, hanyar mota, tashar lantarki, noman rani, asibitoci. Ban da rance, yana sayen hannun jari a kamfanoni, yana tsaya wa mai cin bashi, wani lokacin kuma yana ba da tallafin da ba a biya. Girman buƙatar ya fito fili a rahoton Bankin Raya Afirka na 2018, wanda ya ƙiyasta cewa nahiyar na buƙatar dala biliyan 130 zuwa 170 a shekara don ababen more rayuwa, kuma ana samun giɓin dala biliyan 68 zuwa 108.

Madatsar Nachtigal da ke kan kogin Sanaga a Kamaru misali ce mai kyau. Tana samar da megawat 420, an kuma kashe mata kimanin yuro biliyan 1.2, wato kusan sefa biliyan 787. Kamfanin da ya gina ta mallakar mutum biyar ne: EDF na Faransa da kashi 40 cikin ɗari, hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya da kashi 20, gwamnatin Kamaru da 15, asusun Africa50 da 15, sai STOA da 10. Kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin bashi ne daga cibiyoyin raya ƙasa 11 da bankunan cikin gida 4, kuma da kuɗin sayar da wutar za a biya shi.

Kafin a sa hannu a 2018, sai da wani ya zauna gaban kwamfuta ya lissafa nawa madatsar za ta samu kowace shekara har tsawon shekara talatin da wani abu, me zai faru idan ruwa ya ja baya, ko kamfanin rarraba wuta ya jinkirta biya. Wani ya auna kasadar da kowane banki zai ɗauka. Lauyoyi sun rubuta yarjejeniyoyi. Wasu kuma sun shiga ƙauyuka sun ƙirga gonaki da masu ɗiban yashi da masunta da aikin zai shafa, suka tsara diyya. Dukkan waɗannan ma'aikatan harkar kuɗin raya ƙasa ne, amma ba dukkansu ne suka karanta kuɗi ba. A cikinsu akwai injiniyoyi, masana tattalin arziki, masana aikin gona da masana zamantakewa. Digirin kuɗi yana kai mutum ga teburin lissafi, auna kasada, baitulmali da tsara zuba jari. Wanda zuciyarsa ke kan aikin fili yana iya gano cewa wani digirin daban ne ya fi masa.

Su wa ke ɗaukar aiki?

Babba a nahiyar shi ne Bankin Raya Afirka, BAD a Faransanci, wanda aka kafa a 1964 da hedikwata a Abijan. Yana da ƙasashe mambobi 81, 54 na Afirka da 27 na waje, kuma tun watan Satumban 2025 Sidi Ould Tah na Mauritaniya ke jagorantarsa bayan Akinwumi Adesina na Najeriya. A yankin sefa na yamma akwai BOAD da aka kafa a 1973 a Lome, mai hidima ga ƙasashe takwas na UEMOA. A yankin tsakiya akwai BDEAC da aka kafa a 1975 a Barazabil, na ƙasashe shida na CEMAC, ciki har da Kamaru da Chadi. Bankin zuba jari da raya ƙasa na ECOWAS, wato BIDC, shi ma a Lome yake. Bankin Musulunci na Jidda ya fara aiki a 1975, yana da mambobi 57 da ofisoshin yanki a Dakar da Abuja. Akwai kuma Afreximbank a Alkahira, AFC a Legas, asusun lamuni na FAGACE a Kwatano, da asusun FSA a Yamai, sai cibiyoyin waje kamar Bankin Duniya, AFD da reshenta Proparco.

Kujerun hedikwata ba su da yawa, kuma masu nema daga ƙasashe da dama suke zuwa. Sai dai akwai wata babbar kasuwa da mutane kan manta da ita. Kusan duk aikin da Bankin Duniya ko BAD ya ba gwamnati kuɗinsa yana da ofishin gudanarwa a cikin ƙasar, wanda ke ɗaukar ƙwararre kan sarrafa kuɗi, ƙwararre kan dokokin ba da kwangila, mai bibiya da auna sakamako, da masu kula da muhalli da al'umma. Ana tallata waɗannan guraben a jaridun gwamnati kamar Cameroon Tribune, Le Sahel da Fraternité Matin. Shirin PROLAC na farfaɗo da yankin tafkin Chadi, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 don Kamaru, Chadi da Nijar, yana cikin irin waɗannan. Shekara uku ko huɗu a irin wannan ofishi na koya wa mutum ka'idojin mai ba da kuɗi daga ciki, kuma wannan gogewa ce da ake nema a sanarwar guraben hedikwata.

Ƙofar matasa da ƙofar ƙwararru

Manyan bankunan suna da shirin ɗaukar matasa masu hazaƙa, inda ake zagayawa da su sassa daban-daban kafin a tabbatar musu da kujera. Wannan ita ce ƙofar da aka fi sani, amma tana da iyakar shekaru. Sanarwar BAD ta saba neman wanda bai wuce shekara 32 ba, mai digiri na biyu da aƙalla shekara uku na aiki. Ke nan wanda ya fara masta yana ɗan shekara 33 ko 35 zai gama ne bayan ƙofar ta rufe.

Abin da ya rage masa shi ne ƙofar ƙwararru, inda ake tallata takamaiman kujera, a ce ana neman mai digiri na biyu da shekaru biyar, bakwai ko fiye na gogewa a fanni kaza. A nan digiri sharaɗi ne na tsallake tankaɗen farko: wanda ba shi da shi, ba a ma buɗe takardarsa. Bayan tankaɗen kuma, duk waɗanda suka rage suna da digirin, sai a koma duban abin da kowa ya taɓa yi. Da tsohuwar zuma ake magani: wanda ya shekara takwas yana tantance bashin manoman auduga a arewacin Kamaru, ko yana kula da asusun wani shirin kiwon lafiya a Chadi, yana riƙe da abin da aji ba ya koyarwa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya watsar da wannan tarihi, ya gabatar da kansa kamar sabon ɗalibin da ya fito daga jami'a. Digirin da ya fi amfani shi ne wanda ya hau kan gogewar da ake da ita: ma'aikacin lantarki ya koyi tsara kuɗin manyan ayyuka, jami'in baitulmali ya ƙware kan bashin gwamnati, ma'aikacin ƙananan bankunan talakawa ya zurfafa kan auna kasada.

Wane digiri, kuma a ina?

A ƙasashen da ke bin tsarin LMD, lisans shekara uku ce, masta kuma shekara biyu. A Birtaniya yawancin digiri na biyu shekara ɗaya ne. Hanyoyin da ke gaban ma'aikaci sun kasu kusan huɗu.

Ta farko ita ce makarantun yankin. CESAG da ke Dakar, wadda ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ta buɗe shirin masta kan banki da kuɗi a 2001, ana koyarwa da Faransanci da Ingilishi. Jami'o'in Yawunde ta Biyu da Abijan suna da shirin GPE kan tafiyar da manufofin tattalin arziki, wanda aka tsara musamman don ma'aikatan da ke bakin aiki. Jami'ar Senghor da ke Iskandariyya a Masar, wadda ta buɗe a 1990, tana ba da masta kan raya ƙasa ga ma'aikatan ƙasashen Faransanci ta hanyar jarrabawar shiga. Ga masu Ingilishi, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana da digiri na biyu kan kuɗin raya ƙasa.

Ta biyu ita ce karatun zango-zango. Jami'o'in Stellenbosch da Cape Town a Afirka ta Kudu duk suna da digiri na biyu kan kuɗin raya ƙasa, an kuma tsara su yadda ɗalibi zai halarci darasi na 'yan kwanaki ko makonni, ya koma bakin aikinsa. Makarantar Frankfurt School ta Jamus tana da irin wannan karatu ta intanet.

Ta uku ita ce tafiya Turai gaba ɗaya. Cibiyar CERDI da ke Clermont-Ferrand a Faransa ta daɗe tana horar da jami'an Afirka kan tattalin arzikin raya ƙasa, Jami'ar Manchester a Ingila kuma tana da digiri mai sunan fannin.

Ta huɗu ba digiri ba ce, takardar ƙwarewa ce. Wadda ta fi suna ita ce CFA, wadda ba ta da alaƙa da kuɗin sefa sai kamannin haruffa. Jarrabawa ce mai matakai uku, da Ingilishi kawai, kuma ba a ba da lambar sai mutum ya cika sa'o'i 4,000 na aiki cikin aƙalla wata 36. Tana da daraja a sassan zuba jari, amma ba ta maye gurbin masta a inda sanarwa ta ce sai da masta.

Kafin a biya ko sisi, akwai tambayoyi uku. Shin hukumar CAMES da ke Wagadugu, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar, ta amince da digirin? Makarantu masu zaman kansu da ke tallar masta a biranen yankin suna da yawa, kuma ba duka ke da wannan amincewa ba. Shin a cikin darussan akwai gina jadawalin lissafin aiki da Excel, auna kasadar bashi, da tantance ayyuka, ko kuwa bayani ne kawai a allo? Sannan ina waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce suke aiki yanzu? Makarantar da ta yarda da kanta za ta haɗa mai tambaya da tsofaffin ɗalibanta.

Lissafin da ba a rubutawa a takardar talla

Hanya mafi sauƙi ta yanke shawara ita ce mutum ya auna karatunsa yadda banki zai auna aikin da aka kawo masa neman rance. A ɗauki misalin ma'aikacin banki a Garwa, ɗan shekara 35, mai albashin sefa 450,000 a wata, da ke son yin masta na shekara biyu a jami'ar gwamnati a Faransa. Tun 2019 Faransa ta sa wa ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba kuɗin rajista na yuro 3,770 a shekara a matakin masta, daga baya aka ɗan ƙara, ko da yake wasu jami'o'in kan yafe wani ɓangare. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, wannan ya kai kusan sefa miliyan 2.5. Don samun biza kuma, bisa ƙa'idar da ke aiki a 2025, sai ya nuna yana da aƙalla yuro 615 a wata, wato kusan sefa miliyan 4.8 a shekara, kuma a manyan birane wannan adadin da ƙyar yake isa. Jimilla sefa miliyan 7.3 a shekara, miliyan 14.6 a shekara biyu, ban da kuɗin jirgi.

Sai kuma abin da aka fi mantawa: albashin da zai rasa. Wata 24 a kan 450,000 ya kama sefa miliyan 10.8. Gaba ɗaya karatun ya ci masa fiye da miliyan 25. Idan ya dawo ya samu aikin da ya fi na da da sefa 400,000 a wata, sai ya yi sama da shekara biyar kafin ya mayar da abin da ya kashe. Idan kuma ya yi shekara guda yana neman aiki, lokacin ya ƙaru. Duk wannan bai haɗa da cefanen gidan da ya bari a Garwa ba.

Wannan lissafin bai ce kada a tafi ba. Ya nuna dalilin da ya sa karatun yankin ko na zango-zango ya fi dacewa da mai iyali, tun da albashi bai tsaya ba. Ma'aikacin gwamnati kuma gara ya fara bincikar dokar aikin ƙasarsa kan hutun karatu ko dakatar da aiki na wucin gadi, wanda ke ba shi damar komawa kujerarsa, kafin ya yi tunanin rubuta takardar murabus. Sayar da fili ko gidan gado don biyan karatun da babu tabbacin aiki a bayansa kasada ce da bankin da ake son shiga ba zai amince da irinta ba.

Tallafin karatu da sharuɗɗansa

Akwai tallafin da aka ware wa masu gogewa. Shirin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya, wanda ya fara a 1987, yana neman aƙalla shekara uku na aikin da ya shafi raya ƙasa, yana kuma biyan karatu ne a jerin shirye-shiryen da ya zaɓa kawai. Chevening na Birtaniya yana neman shekara biyu na aiki, da alƙawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu bayan an gama. Tallafin DAAD na Jamus kan darussan raya ƙasa yana neman shekara biyu na aiki, amma yawanci yana son digirin ƙarshe kada ya wuce shekara shida da karɓa, sharaɗin da ke fitar da da yawa daga cikin waɗanda suka daɗe a aiki. Jami'ar Senghor ta saba ware guraben tallafinta ga waɗanda ba su kai shekara 36 ba. Tallafin Eiffel na Faransa a matakin masta na matasa ne. 'Yan Kamaru, Ghana da Najeriya suna iya neman tallafin ƙungiyar Commonwealth, wadda Togo da Gabon suka shiga a 2022.

Yawancin waɗannan ana rufe karɓar takardunsu watanni da dama kafin fara karatu, wasu kusan shekara guda. Suna kuma buƙatar wasiƙun shaida daga shugabannin wurin aiki da sakamakon jarrabawar harshe. Sharuɗɗan kan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar shekarar da ake ciki ita ce abin dogaro.

Takardu da harshe

Ga Bahaushen da aka haifa a wajen ƙasar kakanninsa, akwai wata matsala da ta riga ta digiri. Tallafin karatu da guraben aiki a waɗannan cibiyoyi duk a kan ɗan ƙasa suke tafiya. BAD na ɗaukar 'yan ƙasashen da ke mambobinsa, cibiyoyin yanki kamar BOAD da BDEAC kuma sukan keɓe gurabensu ga 'yan yankin. Wanda aka haifa a Kwatano iyayensa 'yan Nijar, ko a Kumasi kakansa daga Kano, dole ya tantance da wane fasfo zai nema, ya kuma mallaki takardar shaidar zama ɗan ƙasa tun kafin lokaci ya ƙure. Zaɓin yana da tasiri har kan biza: an rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a watan Janairun 2024, abin da ya wahalar da masu fasfon Nijar da ke son karatu a can.

Sai saɓanin suna. Ba abin mamaki ba ne a ga Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamed a takardar bakaloreya, Muhammad a fasfo. Wasu kuma takardar haihuwarsu ta kotu ce da aka yi bayan shekaru, ranar da ke cikinta ba ta dace da ta sauran takardu ba. Irin wannan na iya tsayar da fayil a ofishin biza ko a sashen ɗaukar ma'aikata, gyaransa a kotu kuma yana cin watanni.

Ta fuskar harshe, BAD da Ingilishi da Faransanci yake aiki, yana neman ƙwarewa a ɗaya da iya aiki da ɗayan. Bankin Musulunci ya ƙara da Larabci. Haka ma harshen lissafi biyu ne: ƙasashe 17 na OHADA suna bin tsarin SYSCOHADA da aka sabunta daga Janairun 2018, manyan masu ba da rance kuma da ƙa'idojin IFRS suke karanta asusu. Wanda ya iya duka biyun yana da abin sayarwa.

Hausa ma tana da gurbi a takardar neman aiki. Tsarin muhalli da zamantakewa na Bankin Duniya, wanda ya fara aiki a Oktoban 2018 da ƙa'idoji goma, ya wajabta tuntuɓar mutanen da aiki zai shafa ta hanyar da za su fahimta, da tsara diyya ga waɗanda za a tayar. Daga Difa zuwa Marwa, daga kasuwannin kan iyakar Benin zuwa zangunan Ghana, jami'in da zai zauna da 'yan kasuwa, masunta da sarakuna ya ji damuwarsu ba tare da tafinta ba yana da fifiko na gaske. Haka wanda ya tashi cikin harkar fatauci ya san yadda bashi da amana ke tafiya tsakanin dillali da mai kaya, ilimin da ke da amfani a duk shirin tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa.

Batun kuɗin ruwa

Tambayar da iyaye da malamai kan fara yi ita ce ta riba. Yawancin bankunan raya ƙasa da kuɗin ruwa suke ba da rance, ko da kuwa mai sauƙi ne, kamar na Asusun Raya Afirka da ke hidima ga ƙasashe 37 masu ƙaramin ƙarfi. Hukuncin yin aiki a irin wannan wuri magana ce da mutum zai kai wa malamin da ya yarda da shi tun kafin ya kashe kuɗi. Abin da ya kamata a sani shi ne akwai hanyar da aka gina a kan shari'a. Bankin Musulunci da rassansa suna amfani da murabaha, ijara da istisna'i wajen samar da kuɗin ayyuka. Gwamnatocin yankin ma sun shiga kasuwar sukuk: Senegal ta fitar da na sefa biliyan 100 a 2014, Kodibuwa ta bi a 2015, Togo a 2016, Najeriya kuma ta fitar da na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiyar koyar da banki da kuɗi na Musulunci mai ba da digiri na biyu, haka ma jami'ar INCEIF a Malesiya. Wanda ya haɗa wannan ilimi da Faransanci zai iya aiki a ƙasashen sefa, inda fannin ke tasowa.

Kafin a ajiye aiki

Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi. Mutum ya tattara sanarwar guraben aiki goma daga cibiyoyin da yake sha'awa, ya jera abin da kowace ke nema, ya sa alama a kan abin da yake da shi da wanda ya rasa. Idan abin da ya rasa digiri ne kawai, to ya nemi mafi araha cikin waɗanda aka amince da su, wanda ba zai raba shi da albashi ba. Idan Ingilishi ne, shekara guda ta darasin yamma ta fi masa masta amfani a yanzu. Idan gogewa ce a ayyukan masu ba da rance, ofishin gudanar da wani shiri a ƙasarsa shi ne matakin gaba. Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suna da darussa kyauta a intanet kan bashin gwamnati, kasafin kuɗi da dokokin kwangila, kuma wata uku a kansu sun isa mutum ya gane ko fannin ya dace da shi.

Bayan haka sai zama da iyali. Matar aure ko mijin da zai riƙe gida, da iyayen da ke jiran aike, suna da haƙƙin sanin tsawon lokacin da za a ɗaure ciki da kuma abin da za a yi idan aikin bai zo da wuri ba. Wanda ya fito daga wannan zama da amincewarsu, da ajiyar da za ta riƙe gida aƙalla wata shida bayan kammala karatu, da takardun da sunansa ya zo iri ɗaya a cikinsu, shi ne ya shirya cike fom.